Horon Sanin Makamar Aiki ga Ɗaliban Ingilishi a Jami'o'in Nijeriya: Yaushe Yake Yin Tasiri?

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tasirin horon sanin makamar aiki ga ɗaliban da ke digirin farko a fannin Ingilishi a jami'o'in Nijeriya, musamman na Arewa. Ta bi tarihin shirin SIWES, wato horon ɗalibai a masana'antu, da na gwajin koyarwa, ta auna sakamakon binciken da aka yi a Amurka da Jamus, ta kuma jingina da ra'in koyo ta hanyar aiki. Matsayinta shi ne tsawon watannin da ɗalibi ya yi a ma'aikata ba shi ne ma'aunin tasiri ba. Horon yana amfanar ɗalibin Ingilishi ne idan an ba shi aikin harshe na gaske, aka kuma samu gwanin da ke gyara masa shi a kai a kai.

Gabatarwa



Duk wanda ya koyar a sashen Ingilishi ya san tambayar da iyaye kan yi idan ɗansu ya samu gurbi a wurinmu: in ya gama, wane aiki zai yi? Amsar da muka saba bayarwa mai faɗi ce. Mukan ce zai iya koyarwa, zai iya aikin jarida, zai iya shiga aikin gwamnati ko banki ko kamfanin wallafa littattafai. Ba ƙarya muka yi ba. Sai dai a shekara huɗun da zai yi tare da mu, a yawancin jami'o'inmu ba ma kai shi ko ɗaya daga cikin wuraren nan ya ga yadda ake aikin. Zai karanta ilimin furuci da ginin jimla da ilimin ma'ana, zai nazarci Shakespeare da Achebe da Soyinka da Zaynab Alkali, zai rubuta kundin kammala digiri, sannan a ba shi takardar kira zuwa bautar ƙasa. A can ne, a karon farko, wani zai ɗora masa fayil a gaba ya ce ya fitar da wasiƙa kafin azahar, yana mai cewa ai kai Ingilishi ka karanta.

Wannan giɓi ne ya sa ake ta kiran a shigar da horon sanin makamar aiki cikin manhajar Ingilishi. Ina goyon bayan kiran, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne abin da takardar ta zo bayyanawa. Hujjojina sun fito ne daga tsare-tsaren hukumomin ilimi, da binciken da aka wallafa, da kuma abin da malami kan gani idan ya fita duba ɗalibansa.

Gurbin ɗalibin Ingilishi a tsarin da ake da shi

An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971, kuma shi ne ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973. Dalilin ƙirƙirar shirin a fili yake: masu masana'antu suna kukan cewa injiniyoyi da masu fasahar da makarantu ke yayewa ba su taɓa riƙe injinan da za su yi aiki da su ba. Asusun ya janye daga tafiyar da shirin a ƙarshen shekarun 1970, hukumar kula da jami'o'i (NUC) da ta ilimin fasaha (NBTE) suka karɓa, sannan aka mayar masa da shi a 1984. Ɗalibin jami'a kan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi kuwa wata huɗu. Fannonin da shirin ya ƙunsa su ne injiniyanci da kimiyya da aikin gona da tsara muhalli da makamantansu, kuma ɗaliban aikin jarida ma suna fita. Tun asali dai ba da ɗalibin adabi da harshe aka tsara shi ba.

Abin lura shi ne maƙwabtanmu a tsangaya ɗaya suna da nasu fitar. Ɗaliban Faransanci kan je Ƙauyen Harshen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, ɗaliban Larabci kuma suna da nasu Ƙauyen da aka kafa a Ngala ta Jihar Barno a 1992. An yarda cewa waɗannan harsuna suna buƙatar a zauna cikinsu. Ingilishi kuwa an ɗauka cewa tunda shi ne harshen hukuma, ɗalibi yana cikinsa tsamo-tsamo. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Katsina ya san ba haka ba ne. Ɗalibi zai iya fita daga lacca ya yini ya kwana bai furta jimlar Ingilishi ɗaya ba, domin Hausa ta wadatar da shi a kasuwa da masallaci da ɗakin kwana, har ma a ofisoshin jami'ar kanta. Wannan ba aibi ba ne, alamar ƙarfin Hausa ce. Amma yana nufin Ingilishin ɗalibinmu na aji ne da jarrabawa, bai taɓa ɗaukar nauyin wani aiki ba.

Rukuni ɗaya ne daga cikin masu karatun Ingilishi ke da horo tabbatacce, su ne masu haɗa shi da ilimin koyarwa. Waɗannan suna fita gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira TP, a jami'o'i da yawa na mako 12 da ake rabawa tsakanin aji uku da aji huɗu. Sauran kuwa sai bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, kuma galibi makarantar sakandare ake tura su su koyar ba tare da an taɓa nuna musu yadda ake tsara darasi ba.

Ƙofa ta buɗe a Disambar 2022, lokacin da NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS. A tsarinta hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Sashen da yake son horon sanin makamar aiki yana da inda zai saka shi yanzu. Abin da ya rage shi ne wane iri zai saka.

Abin da bincike ya nuna, da iyakarsa

Binciken da ya fi jan hankalin masu fanni irin namu shi ne na John Nunley da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2016. Sun ƙirƙiri dubban takardun neman aiki na mutanen da babu su, suka aika wa kamfanonin Amurka masu tallan guraben aikin kasuwanci, suna sauya fannin digiri da kuma ko mai nema ya taɓa yin horon sanin makamar aiki. Sakamakon ya ba mutane mamaki ta fuska biyu. Digirin kasuwanci bai ƙara wa mai shi damar a kira shi intabiyu ba, duk da cewa aikin na kasuwanci ne. Horon kuwa ya ƙara damar da kashi 14 cikin 100, kuma ribar ta fi yawa ga waɗanda ba kasuwanci suka karanta ba. Ga malamin Ingilishi wannan labari ne mai daɗi, domin yana nuna cewa 'yan watanni a wurin aiki suna iya kawar da shakkar da mai ɗaukar ma'aikata ke yi wa digirin adabi.

Sai dai masu binciken da kansu sun ce bayanin da ya fi dacewa da sakamakonsu shi ne horon alama ce kawai. Mai ɗaukar aiki bai ga ƙwarewar mai nema ba, tunda mai neman ma babu shi. Abin da ya gani layi ne a takarda, ya fassara shi da cewa wannan mutum mai himma ne, wani ma ya taɓa amincewa da shi. A nan ne nake roƙon mu tsaya mu yi tunani, domin darajar alama tana cikin ƙarancinta. Ranar da muka wajabta horon a kan kowane ɗalibi, kowa zai zo da layin nan a takardarsa, kuma layin zai daina bambanta kowa da kowa. Abin da zai saura shi ne abin da ɗalibin ya koya da gaske, in ya koyi wani abu.

Jamus ta ba mu damar ganin abin da ke faruwa idan an wajabta. Markus Klein da Felix Weiss, a binciken da suka wallafa a 2011, ba su ga wata riba a kasuwar aiki ba ga waɗanda aka tilasta wa horon. Bayan shekaru, Shushanik Margaryan da abokan aikinta suka bi ta wata hanyar lissafi, suka samu ƙarin albashi na kimanin kashi 6 cikin 100. Ƙasa ɗaya ce, amma sakamako biyu. Ni abin da na fahimta daga saɓanin shi ne kalmar horo tana rufe abubuwa mabambanta ƙwarai, daga wanda aka zaunar kusa da gwani zuwa wanda aka bar shi yana gadin injin kwafe takardu, kuma matsakaicin lissafi yana cakuɗa su wuri guda.

Akwai kuma dalilin yin hattara wajen ɗauko waɗannan alƙaluma zuwa gida. Kasuwar aikin Amurka da Jamus tana da guraben da ake tallatawa a fili, ana kuma tace masu nema ta takarda. A wurinmu kaso mai yawa na aiki ta hanyar sanayya ake samunsa, kuma da yawa daga ɗalibanmu ba za su taɓa aika takardar neman aiki ga babban kamfani ba. Za su koyar a makarantar kuɗi, ko su yi fassara da gyaran rubutu da kansu, ko su shiga ƙungiyoyin agaji. Saboda haka samun aiki cikin wata kaza bayan kammalawa ma'auni ne mai rauni a nan. Ya fi kyau mu auna abin da ke hannunmu, wato ko harshen ɗalibin ya ƙaru.

Yadda ake koyon aikin harshe

Tun a 1938 John Dewey ya yi gargaɗin cewa ba kowane abin da mutum ya shiga ne ke ilimantar da shi ba, wani ma ɓata shi yake yi. David Kolb ya zo a 1984 ya tsara abin a matakai huɗu masu zagayawa: a yi aiki, a waiwaya a dube shi, a fitar da ƙa'ida daga ciki, a sake gwadawa. Horonmu na gida yakan tsaya a matakin farko. An tura yaro, ya je, ya dawo. Waiwayen da shi ne ke mayar da wahala ilimi ba a tanadar masa lokaci ko mutum ba.

Aikin da na ga ya fi kusa da mu shi ne na Jean Lave, wadda ta zauna da telolin Vai da Gola a Monrobiya ta Laberiya, daga baya ita da Etienne Wenger suka gina ra'insu a kai a 1991. Ta lura cewa ɗan koyo ba ya farawa da yanka yadi. Yakan fara da guga da ɗinka maɓalli da kalmasa, wato ƙarshen aiki, inda kuskure ba ya jawo babbar asara, kuma inda hannunsa ke shafar riga gamammiya har siffarta ta zauna masa. Daga nan ya koma ɗinki. Yanka shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya zauna a shagon tela a garuruwanmu ya ga irin wannan. Muhimmin abu shi ne aikin ɗan koyon ƙarami ne amma na gaske ne, domin rigar da ya ɗinka wa maɓalli mai ita zai zo ya karɓa ya saka. Aikin harshe ma yana da gugarsa da maɓallinsa: duba kurakuran ɗab'i, daidaita sunaye da alƙaluma, taƙaita dogon rahoto zuwa sakin layi ɗaya, rubuta bayanin hoto. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana tace rubutun wasu kafin a buga ya ga siffar labari sau da yawa, kuma a shirye yake a ba shi ƙaramin labari ya rubuta.

Me ya sa aji ba zai iya ba da wannan ba? John Swales ya nuna a 1990 cewa kowane nau'in rubutu mallakar wata jama'a ce mai manufa ɗaya, su ne suka san abin da ake sa rai a gani a cikinsa da abin da ba a faɗa. Rahoton zaman kwamiti, sanarwar manema labarai, takardar neman tallafi, wasiƙar da za ta fita da sa hannun babban sakatare, kowanne yana da ladubbansa. Muna iya koyar da siffarsu a allo, kuma muna yi. Abin da ba za mu iya kawowa aji ba shi ne mai karatu na gaske. Ɗalibi ya san malaminsa zai karanta rubutunsa har ƙarshe komai tsawonsa, domin aikinsa ke nan, ya kuma san malamin ya riga ya san amsar. Wannan ya sa rubutun jami'a yakan zama na nuna sani: doguwar shimfiɗa, manyan kalmomi, jimlar da ke zagaye kafin ta iso. Edita ba ya da wannan haƙurin. Zai ja layi a kan sakin layi uku na farko ya ce labarin daga nan ya fara. Na ga ɗalibai masu kyakkyawan sakamako sun dawo daga irin wannan wuri ransu a ɓace a makon farko, zuwa mako na shida kuwa rubutunsu ya miƙe fiye da yadda lacca ta iya miƙar da shi a shekara uku.

Tarihinmu ma yana da shaida. Abubakar Imam ya fito daga Kwalejin Katsina ya zama malamin Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina. Gasar rubutu ta 1933 ce ta fito da shi, sai a 1936 aka ɗauke shi na wata shida zuwa Hukumar Talifi a Zariya, inda ya zauna da shugabanta Rupert East yana rubutu ana dubawa tare, har Magana Jari Ce ta samu. A 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba na mance cewa hukumar ta 'yan mulkin mallaka ce mai manufofinta, kuma baiwar Imam tasa ce, ba East ya ba shi ba. Abin da nake nunawa shi ne siffar zaman: aiki na gaske wanda za a buga, da mutum ɗaya da ke karanta kowane shafi.

Kasuwar da ke tsakanin harsuna biyu

Misalin Imam ya kai mu ga abin da nake ganin manhajarmu ta fi sakaci da shi. Ɗalibin Ingilishi a Arewa ba da ɗan Landan yake gasa ba. Jarinsa shi ne yana da harsuna biyu, wani ma uku, kuma ayyuka masu yawa a yankin nan a kan iyakar harsunan suke. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. A gida akwai Rediyon Nijeriya na Kaduna, da Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, da Aminiya da ke fitowa daga gida ɗaya da Daily Trust, ga tashoshin jihohi da masu zaman kansu da jaridun intanet. A mafi yawansu labari da Ingilishi yake shigowa, da Hausa yake fita, kuma cikin ƙanƙanin lokaci. Mai fassarar da ya yar da alamar da ke nuna zargi ne ba tabbas ba, ya jawo wa gidan ƙarar ɓata suna. Ɗalibin da ya ga an dawo masa da takarda saboda wannan ba zai ƙara ɗaukar darasin ilimin ma'ana a matsayin abin haddacewa ba.

Kotu ma haka. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samar masa tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba. 'Yancin mutum yana iya rataya a kan jimla ɗaya da tafinta ya juya. Ba na cewa a ba ɗalibi tafintanci a shari'ar gaske, wannan yankan yadi ne. Amma zai iya zama ya saurara, ya rubuta tasa fassarar a gefe, ya kwatanta da ta gwani bayan an tashi. Asibitoci da ƙungiyoyin agaji kuma kullum suna buƙatar a mayar da saƙon rigakafi ko takardar neman amincewar majiyyaci zuwa harshen da tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Wani zai ce na'ura ta karɓe wannan aiki, tunda Google Translate ta saka Hausa tun 2013, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka biyo baya. Abin da ake gani a ɗakunan labarai shi ne aikin ya sauya siffa: na'ura ta yi daftarin farko, mutum ya gyara. Gyaran kuwa ya fi buƙatar ido, domin kuskuren na'ura yakan zo cikin jimla mai santsi wadda ba ta nuna alamar ciwo. Wannan ma ƙwarewa ce da ake koya kusa da wanda ya iya.

Abin da ke kashe horon

Gwajin koyarwa ya isa ya zama madubinmu, domin a can mun daɗe muna ganin yadda kyakkyawan tsari ke lalacewa. Makarantar da ke fama da ƙarancin malamai takan karɓi ɗan TP hannu bibbiyu, ta miƙa masa aji mai ɗalibai fiye da ƙima, malamin ajin kuma ya ɗauki zuwansa a matsayin hutu. Ɗalibin yana aiki na gaske, har ya yi yawa, amma ba mai kallonsa. Mai dubawa daga jami'a yakan zo sau ɗaya ko biyu, ya zauna a bayan aji na ɗan lokaci, ya ba da maki, ya wuce makaranta ta gaba domin jerin da ke hannunsa dogo ne kuma kuɗin motar daga aljihunsa yake fita. Idan yajin aiki ya gifta, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 da na 2022 da kowanne ya haura wata bakwai, kalandar jami'a takan saɓa da ta sakandare, a tura ɗalibai lokacin jarrabawa ko dab da hutu.

A ofisoshi matsalar kishiyar wannan ce. Akwai masu kallo, babu aiki. Ɗan horo yakan zama ɗan aike: kai fayil, sayo abinci, jiran oga ya dawo daga taro. Da yamma sai ya cika logbuk, wato littafin rubuta aikin kullum, da abin da ya kamata a ce ya yi, a ƙarshen wata a buga masa hatimi a shafukan gaba ɗaya. Bai kamata mu raina illar wannan ba. Yaron da ya yi wata shida a haka ya koyi darasi, kuma mugun darasi ne, cewa aiki shi ne sa hannu a rajista, rahoto kuma abu ne da ake ƙagawa.

Sai maganar adalci, wadda ta fi damuna. Alawus ɗin SIWES ya daɗe a kan Naira 2,500 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai Naira 70,000 tun 2024. Idan aka ce kowa ya nemo wa kansa wuri, masu uwa a gindin murhu za su samu manyan gidajen jarida a Abuja, ɗan talaka kuma ya kai takardarsa ofishin da ya fi kusa da gidansu ko da babu abin yi a ciki. Ɗalibai mata, musamman masu aure da masu goyo, su ne za su fi cutuwa idan gurbi mai kyau yana wani gari. Kuma wajibi ne sashe ya tanadi wanda ɗaliba za ta kai wa ƙara cikin sirri idan wani a wurin aiki ya nemi ya ci zarafinta, ya kuma iya janye ta ba tare da ta rasa makinta ba. Horon da aka wajabta ba tare da an kula da waɗannan ba zai faɗaɗa tazarar da ya zo ragewa.

Tsarin da ya dace da fannin, da yadda za a auna shi

Ba na ganin hikima a kwafo wata shida na SIWES. Injiniya yana buƙatar dogon lokaci domin ya ga zagayen aikin masana'anta. Mai koyon rubutu abin da yake buƙata shi ne yawan gyara. Mako takwas zuwa goma a ƙarshen aji uku, inda ɗalibi zai miƙa aiki a gyara masa aƙalla sau biyu a mako, ya fi rabin shekarar zaman jira. Sashe ne ya kamata ya nemo guraben, ba ɗalibi ba, ya kuma fara daga cikin gida: kamfanin wallafa na jami'a, gidan rediyonta, ofishin yaɗa labaranta, mujallun tsangayoyi da kullum ke neman mai tace rubutu. Ana iya yin wani ɓangare na aikin fassara da gyara daga gida ta waya ko kwamfuta, wanda zai sauƙaƙa wa matan aure, muddin akwai ranar haɗuwa da mai gyara ido da ido.

Faransa tana da abin aro a nan. Dokarta ta 2014 ta ƙarfafa cewa kowane horo ya kasance da yarjejeniya a rubuce tsakanin makaranta da ma'aikata da ɗalibi, a ambaci sunan mai kula da shi a kowane ɓangare, a kuma biya shi idan horon ya wuce wata biyu. Ko da ba mu kai ga tilasta biya ba, takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da ta faɗi irin aikin da za a ba ɗalibi da sunan wanda zai gyara masa ba ta buƙatar kasafi. Ma'aikatar da ta kasa cika wannan shafi ta riga ta gaya mana cewa ba ta da abin koyarwa. Kuɗin zirga-zirgar malamai masu dubawa kuwa dole a nemo masa tushe, kuma tunda asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana da kason tallafin gwajin koyarwa ga kwalejojin ilimi, akwai misalin da sassanmu za su kafa hujja da shi.

A wurin logbuk, ɗalibi ya kawo jakar aikinsa: daftarin farko, da shafin da aka yi wa jan biro, da abin da aka buga ko aka watsa a ƙarshe, tare da gajeren bayani a kan abin da aka sauya da dalilin sauyawar. A zamanin da manhaja ke iya rubuta rahoton horo cikin daƙiƙa kaɗan, rahoto shi kaɗai ya daina zama shaida. Shafin da edita ya yi wa gyara da hannunsa, wanda ɗalibin zai zauna gaban malamai biyu ya kare, ya fi wuyar ƙagawa. Sannan a ware zama ɗaya a mako, ko a aji ko ta waya, inda 'yan horo za su kawo gyaran da aka yi musu a tattauna. Nan ne malamin ginin jimla da na nazarin salo za su haɗa abin da aka gani a wurin aiki da abin da aka karanta a aji biyu.

Game da auna tasiri, tambayar ɗalibai ko sun ji daɗin horon ba ta wadatar ba, domin kusan kowa yakan ce ya amfana, ko don murnar fita daga aji. Hanya mafi inganci ita ce a ba su aiki iri ɗaya kafin fita da bayan dawowa, misali taƙaita rahoto mai shafi biyar, da rubuta wasiƙar hukuma, da fassara gajeren labari, a cire sunaye da kwanan wata, a ba masu gyara biyu, ɗaya malami ɗaya ma'aikacin fannin, ba tare da sun san wanne ne na farko ba. Sauran matsala ita ce ta zaɓi, domin idan masu ƙwazo ne kaɗai suka fita, ba za mu san ko horon ne ya gyara su ko da ma gyararru ne ba. A shekarun farko guraben kirki ba za su ishi kowa ba, kuma wannan ƙarancin yana da amfaninsa. Sai a raba guraben ta hanyar ƙuri'a a gaban ɗalibai, rukunin farko ya fita a wannan hutu, na biyu a hutu mai zuwa, a kuma yi wa rukunan biyu gwajin a rana ɗaya kafin na biyun ya fita. Ƙuri'ar ta toshe ƙofar alfarma, ta kuma ba mu rukunai biyu masu kama da juna da za a kwatanta. Idan sassan Ingilishi uku ko huɗu, a ce na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, suka amince da gwaji ɗaya da ma'aunin maki ɗaya, adadin ɗaliban zai isa a fitar da sakamakon da za a iya kai wa majalisar dattawan jami'a da NUC kafin a yanke shawarar wajabta horon a kan kowa.